Bawul na Arba'in da Biyu

Ƙarfe shida saura kwata Don Evaristo Olvera yake turo kekensa daga zaure. Duk gundumar nan Don Varo muke ce masa. A jikin keken yana ɗaure wata sandar ƙarfe mai hannu biyu a sama, tsawonta ya kai ƙirjin mutum, nauyinta kuwa sai wanda ya taɓa cewa "kawo in taya ka" ya sani. A kwandon gaba akwai guduma da tsumma da wasu guntayen ƙarfe biyu naɗe a tsohuwar riga, waɗanda ba ya yarda kowa ya taɓa. Ba ya sauri, ba ya kuma doguwar gaisuwa. In ya iso kwanar kasuwa sai ya jingina keken a rumfar Doña Chona, ta zuba masa kunun masara, ta ɓare masa tamal ɗaya mai yaji, wato alalar masara da ake naɗewa a ganye.

"Kompadre, yau ma da wannan fuskar ka fito? Sai ka ce wanda aka aiko ya yanke mana wuta."

"Ruwa nake yankewa, komadre. Ƙaro sukari."

"Likita ya hana ka."

"Likitan ya taɓa ɗanɗana kunun nan naki? Da ya ɗanɗana da shi zai rubuta mini sukarin."

"To je ka sha na matarka."

Shi ya riƙe ɗanta na biyu ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kompadre da komadre, tun daga nan kuma ba su taɓa rabuwa ba sai ɗaya ya sha baƙar magana. Sukarin dai ba ta ƙarawa.

Daga nan sai aiki. Ruwan famfo a wajenmu juyi-juyi ne, yau na wannan unguwa, gobe na waccan, kuma ba daga ofis ake raba shi ba. A ƙarƙashin titi ake raba shi, ta bawul, wato makullan manyan bututu da ke binne a kwana-kwana, kowanne da murfinsa na ƙarfe. A takardar ofishin ruwa guda arba'in da ɗaya ne. Don Varo zai ɗaga murfi, ya zura sandar nan har ta kama, ya shiga juyawa yana ƙirgawa a baki. In ya gama sai ya kwantar da kunnensa a kan sandar ya yi shiru. Mai mota na iya yin oda har ya gaji. Ba ya ɗagowa sai ya ji ruwan ya kama hanyar da ya nufe shi da ita.

Shekara talatin da takwas ke nan yana wannan, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye sandar. Na san abin da ofis zai yi. Za a ba shi takardar yabo da agogon bango, wani mai taye ya tashi ya yi jawabi yana leƙa takarda domin ya tuna sunansa. Abin nan yana ci mini rai, shi ya sa na ce bari mu da muka sha ruwan hannunsa mu riga su magana.

Kowa ya san a kan tafki aka gina garin nan namu, amma ba kowa ya san abin da hakan ke yi wa bututu ba. Kakan Don Varo da kwalekwale yake kawo furanni da alayyafo kasuwa, ta daidai inda manyan motocin haya ke bi yanzu. Aka cike magudanan, aka shimfiɗa kwalta, ƙasa kuwa ba ta yafe ba, kullum nutsewa take yi, kuma ba ta nutsewa daidai. Cocin San Cleto da iyayenmu ke hawa matakala uku su shiga, yau gangarawa muke yi. Bututun da aka shimfiɗa yana zuba gabas, yanzu yamma yake zuba. Taswirar ofis har gobe tana nuna ruwan unguwar La Garza daga arewa yake shiga, Don Varo kuwa ya ce rabonsa da shiga ta nan tun kafin 'yarsa ta fari ta yi aure. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An ɗauke shi aiki a shekarar da ta biyo bayan babbar girgizar ƙasa, lokacin da rabin bututun gundumar ke a karye, mutane kuma na kwana a filin ƙwallo. Ya ga waɗanda suka ƙaura wajen gari ba su dawo ba, ya ga waɗanda suka maye gurbinsu: 'yan jihar Oaxaca masu sayar da abinci, 'yan jihar Puebla masu ɗinki, a 'yan shekarun nan kuma mutanen Haiti da Venezuela da suka ce kwana biyu za su yi, ga shi 'ya'yansu har sun shiga makarantar unguwa. Masu ƙidaya suna cewa yawanmu raguwa yake yi. Shi ba ya musu da su. Yakan dai ɗaga kai ya dubi tankunan da ke kan rufi da igiyoyin shanya, in ya ga wandunan yara sun ƙaru a wani layi, sai ya ƙara wa layin rabin juyi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa.

Gundumar ta sauya hannu sau huɗu a gabansa. Duk jam'iyyar da ta hau sai ta fente bakin titi da launinta, ta raba wa ma'aikata sabuwar riga. Ta biyar ce a jikinsa yanzu, tsofaffin huɗu suna gidansa, matarsa Doña Hermila tana rufe kejin tsuntsunta da su, kowace rana da launinta.

Mai gyaran takalmin da ke bakin bawul na tara shi ya ba ni labarin abin da ya faru ana saura mako uku wani zaɓe. Lisensiyado Rubalcaba (haka muke kiran mai digiri), wanda ke neman kujera a lokacin, ya tsayar da motarsa ya sauke gilashi.

"Don Varo, sarkin aiki! 'Yan layin nan masu taurin kai ne. A bar su su ɗan ji ƙishi na kwana goma, tankokina za su kai musu ɗauki."

Don Varo ya zare sandar ya miƙa masa ta taga. "Ga shi, Lisensiyado. Juyi ashirin da shida ne zuwa dama. Fara, ni kuma bari in buga ƙofofi in ce su fito su taya ka."

Bayan zaɓe aka mayar da shi sharar harabar ofis. Wata uku ya yi yana shara, a cikin wata ukun nan kuwa asibitin unguwa ya bushe, filin ƙwallo ya zama fadama. 'Yan ofis da kansu suka kawo masa sandarsa har gida.

Don Varo, kai ne ka nuna mana cewa mai ƙaramin albashi ma yana da "a'a" a bakinsa. Amma ba domin wannan kaɗai na ɗauki alƙalami ba.

A ƙarshen Layin Iyaka akwai gida mai lamba sha tara. Tsohuwar masaƙa ce da mutane suka shiga bayan girgizar ƙasa, suka yanka ta ɗaki-ɗaki. Wanda ya ja iyakar gundumarmu da ta maƙwabta, da alama daga ofis ya ja ta da rula, domin ta tsakar gidan ta ratsa. Ƙofar shiga tana wajenmu, banɗakuna da wurin wanki suna waccan gundumar. In zaɓe ya zo, kowace gunduma sai ta ce 'ya'yanta ne. In maganar ruwa ce, kowace sai ta nuna ɗaya da baki. A takarda, gidan rumbun ajiya ne da ba kowa a ciki. Doña Chona a ɗaki na takwas take, a nan ta haifi 'ya'yanta uku.

Ruwan gidan ta wani tsohon bawul yake shiga, wanda masu masaƙar suka binne a kwanar layin tun zamanin da ba a rubuta irin waɗannan abubuwa. Ba ya cikin arba'in da ɗayan nan. Don Varo da kunne ya gano shi a shekararsa ta biyu, ya kuma ɗora wa kansa buɗe shi duk Talata da Juma'a ƙarfe bakwai, ya dawo sha ɗaya ya rufe. Juyi sha bakwai da rabi. Bai gaya wa ofis ba, saboda dokar ofis a fili take: duk layin da ba ya cikin taswira, na sata ne, a toshe shi da siminti.

Kwanar nan a da juji ce. Mutane daga gundumomin biyu suna zuwa su jibge shara su wuce, har da tsohuwar katifa da mushen kare. An rubuta gargaɗi, an rubuta zagi har da na uwa, duk a banza. Sai matan gidan suka koma ga maganin da kowa ya sani a garin nan: a kafa mutum-mutumin Uwa Maryamu a wurin. Mutumin da zai zubar da shara a gaban ɗan sanda ba zai zubar a gabanta ba.

Shekara ashirin da biyu ke nan da suka yi wannan aiki, kuma sun yi shi ne a makon da mahaifiyar Don Varo ta rasu. Ya cika musu tankuna, ya rufe bawul, ya tafi ƙauyensu zaman addu'ar kwana tara. Matan suka kwashe sharar, suka tarar da murfi biyu a ƙasa, babba mai zagaye da ƙarami mai kusurwa huɗu. Suka ce babban aiki ai sai babban murfi, wannan ne na Don Varo. Suka bar shi, har suka zagaye shi da farin fenti domin girmamawa. Magini kuwa ya taka ƙaramin ya ji shi daram, a unguwar da komai ke nutsewa. Ya ce Uwa ta zaɓi wurinta da kanta. A kansa ya zuba siminti har tsayin gwiwa, ya ɗora ɗan ɗaki mai tayil shuɗi da ƙofar gilashi. Fada ya zo ya yayyafa ruwan albarka, aka yi kiɗa, aka ci tamal.

Ranar Talata Don Varo ya iso da kekensa. Waɗanda suka gani sun ce ya fi minti biyar a tsaye bai motsa ba.

"Ka ga aikin mata, kompadre?" in ji Doña Chona, tana washe baki. "Ga naka can mun bar maka, har da kwalliya."

"Wancan na masai ne, komadre."

"Na me?"

"Magudanar ƙazanta kuka yi wa kwalliya. Ruwanku yana ƙarƙashin ƙafafunta."

Ta yi alamar gicciye, ta zauna a bakin titi.

Abin ya zama gaba kura baya sayaki. In ya kai maganar ofis, za su zo da taswira su ga babu bawul a nan, su toshe layin har abada. In aka rushe ɗakin, to wa zai ɗaga guduma a kan abin da Fada ya sa wa albarka shekaranjiya? Maginin da kansa ya ce a fasa, zai sake wani kyauta. Wata tsohuwa ta shimfiɗa tabarma a gaban gilashin ta ce mai fasawa sai ya fara da kanta. A cikin gidan kuwa tankuna sun bushe tun kwana uku da suka wuce. Mata suna jan bokiti daga kasuwa, banɗakuna sun fara wari, yara biyu suna gudawa. Ranar Laraba sai ga tankar Lisensiyado Rubalcaba a ƙofa. Ruwa kyauta ne, in ji direban, amma kowa ya fito da katin zaɓensa a ɗauki hoto.

Don Varo bai yi wa kowa wa'azi ba. Ya je jikin turken fitila ya jera ƙafa, ɗaya a gaban ɗaya, har goma sha ɗaya. Ya auna taƙi uku daga bakin titi. Ya sake aunawa. Sannan ya buɗe ƙofar gilashin ya nuna daidai inda mutum-mutumin ke tsaye.

"A ɗaga ta. Zan huda nan, faɗin bakin kofi. Ba zan taɓa tayil ko ɗaya ba."

"In ka huda ba ka same shi ba fa?" in ji Doña Chona.

"Sai ki samu abin goranta mini har in mutu."

Ya miƙa hannu zai ɗauke mutum-mutumin, ta buge hannun. Duk unguwa ta san Don Varo ba ya shiga coci sai biki ko jana'iza. Ubansa ɗan ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ne, mai cewa Fada da mai kamfani a kwano ɗaya suke ci, ɗan kuma bai faɗi nesa da gindin bishiyar ba.

"Wannan hannun naka ba zai taɓa ta ba," in ji ta. "Mu za mu ɗauke ta. Ku kawo mayafi mai tsabta, ku kuma matsa da ita can nesa, kada ta ji irin zagin da yake yi wa ƙarfe."

Kwana biyu ya yi da kurfi da guduma, bayan ya gama zagayen sauran bawul ɗin, mata suna tsaye a kansa kamar masu gadin tukunya. Da yammacin Alhamis kurfin ya yi ƙara a kan ƙarfe, daidai tsakiyar murfin. Mai walda ya faɗaɗa ramin. Sai wata matsalar ta ɓullo: doguwar sandar ba ta shiga, rufin ɗakin ya tare ta. Mai waldan ya ƙera masa gajeren makulli, guntaye biyu da ake haɗawa, su ne waɗanda ke cikin kwandon kekensa har yau. Shi kuwa gajeren makulli ba ya juyuwa a tsaye. Dole mutum ya durƙusa, ya cusa kai da kafaɗu cikin ɗakin, ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan.

Safiyar Juma'a ruwa ya shiga gida mai lamba sha tara. Direban tankar ya naɗe tiyonsa ya tafi.

A wannan ranar ce mutanen gidan suka so ya yi musu abin da ya ƙi. Suka ce tunda an sha wannan wahala, ya bar shi a buɗe kawai, kowa ya huta, Uwa ma ta zauna wuri ɗaya. Ya ce a'a. Gidan nan shi ne mafi kwari a duk gundumar, nan ƙasa ta fi nutsewa. In aka bar bawul ɗin a buɗe, ruwan La Garza gaba ɗaya nan zai gangaro, makarantar firamare da layuka huɗu na tudu su bushe. Doña Chona ta yi mako biyu ba ta yi masa magana, kunu ma 'yarta ke zuba masa. Ƙarfe sha ɗaya na cika ya dawo ya rufe, yadda ya saba.

Haka aka yi ta yi shekara ashirin da biyu. Talata da Juma'a, buɗewa da rufewa, mata biyu su ɗauke mutum-mutumin cikin mayafi, a zare tayil ɗin da ke rufe ramin, Don Varo ya durƙusa a kan siminti. Masu wucewa suna ganin dattijo a durƙushe, kai a ciki, leɓe yana motsi, sai su rage murya. Wani sabon Fada da aka kawo har ya ba da misali da shi a huɗuba, ya ce a yi koyi da ma'aikacin ruwan nan da ba ya wuce Uwa sai ya gaishe ta. Da aka kai wa Don Varo labari sai ya ce, "Ku gaya masa ƙirga nake yi. In yana so ya taimaka, ya aiko mini da matashi." Kwanar dai ba ta sake ganin ko ledar shara ba, gwiwoyinsa kuwa a nan suka ƙare.

Kai ne ka ɗauki mutum ɗari biyu da takarda ta ce babu su, ka sa su cikin lissafin safiyarka. Ba danginka ba ne, ba kuma za su iya ƙara maka ko kwabo a albashi ba. Kunnen gunduma, mai jin abin da taswira ba ta ji.

Bana aka kawo sabuwar injiniya, Itzel Barragán, matashiya mai farar hular kwano, da aikin sa duk bawul ɗin gundumar cikin na'ura, da kuma dasa ma'aunai da za su nuna inda ruwa ke zurarewa. Ta roƙi Don Varo ya zagaya da ita kafin ya tafi. Ya nuna mata arba'in da ɗaya, ya gyara mata taswira a wuri tara, ta rubuta komai ba ta yi girman kai ba. Na arba'in da biyun ya yi shiru a kansa.

Shirun nan ya dame shi. Ya yi tunanin bar wa matan gidan gajeren makullin, tunda sun haddace juyin. Amma ma'aunan nan za su nuna ruwa yana ɓacewa duk Talata da Juma'a, a zo a tona, a ce sata ce, kuma a lokacin babu shi balle ya yi bayani. In kuma ya faɗa yanzu, dokar toshewa tana nan ba a soke ta ba. Doña Hermila ce ta gaji da ganinsa yana juya cokali a cikin miya.

"Evaristo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka kai yarinyar nan ta gani da idonta. In mutuniyar kirki ce, ka huta. In ba ita ba ce, gara a yi faɗan kana da rigar aiki a jikinka."

Juma'ar da ta wuce ya kai ta. Ina wurin, saboda Doña Chona ta aika a gaya wa duk mai ƙafa ya zo. Mutanen gidan kaf suka fito bakin layi, masu zuwa aiki suka makara da gangan, aka turo tsofaffi a kan kujeru. Mata biyu suka ɗauke mutum-mutumin, aka zare tayil. Injiniya ta leƙa ramin da fitilar wayarta, ta dubi na'urarta, ta sake leƙawa.

"Don Evaristo, wannan ba ya cikin taswira."

"Su ma ba sa ciki, Injiniya."

"Ka san abin da doka ta ce in yi da shi?"

"Na sani. Shi ya sa na yi shekara talatin da shida ban faɗa ba. Kafin ki yi, ƙirga su."

"Ki ƙirga da kyau, 'yar nan," in ji Doña Chona daga baya. "Masu neman ƙuri'a ba su taɓa kuskuren lissafinmu ba."

Ta sa wayarta a aljihu. Sannan ta bi layin tana ƙirgawa da yatsa, har da jariran da ke goye. Ɗari biyu da talatin da ɗaya.

Ƙarfe bakwai ta yi. Don Varo ya haɗa guntayen makullin, ya dafa bango, ya sauka a kan gwiwa ɗaya, sannan ɗayar. Muna jin ƙirgarsa daga cikin ɗakin. A sha biyu muryar ta fara rawa. A sha bakwai ta tsaya. Muka jira rabin juyin nan na ƙarshe, bai zo ba. Ya janyo kansa waje, gumi ya jiƙa masa riga, ya yunƙura zai gyara durƙuso, gwiwar ta ƙi. Ba ya iya komawa ciki, ba ya kuma iya tashi. Ni dai na kawar da kai, domin ban taɓa zaton zan ga ranar da ƙarfe zai fi ƙarfin mutumin nan ba.

Injiniya ta cire hularta ta ajiye a ƙasa. Ta durƙusa kusa da shi da farin wandonta, ta cusa kai cikin ɗakin.

"Hagu ko dama?"

"Hagu. Rabi kawai, 'yata. Kada ki ƙara, na tudu ma mutane ne."

Ta juya. Ya kamo hannunta ya nuna mata ta kwantar da kunne a kan makullin. Tana cikin saurare, can daga cikin gida wata ta ƙwala ihu cewa ruwa ya zo.

Doña Chona ta kama shi ta hammata ɗaya, matan nan biyu suka miƙa wa wasu mutum-mutumin suka kama ɗayar, suka ɗaga shi tsaye.

"Shekara ashirin da biyu muna ɗaga Uwa saboda kai," in ji ta, tana share ido da gefen mayafi. "Ashe kai ka fi ta nauyi, kafirin banza."

"Tamal ɗinki ne, komadre."

Injiniya ba ta yi wa kowa alkawari ba, ta dai yi rubutu a na'urarta ta tafi. An ce ta sha faɗa a ofis, an ce har ta ajiye musu hularta a kan tebur. Ranar Laraba takarda ta iso da hatimi: bawul na arba'in da biyu, Layin Iyaka, Talata da Juma'a, juyi sha bakwai da rabi, mutane ɗari biyu da talatin da ɗaya. Rigimar wace gunduma ce ke da gidan tana nan, wataƙila jikokinmu su gada. Amma a karon farko akwai takardar hukuma da ta yarda cewa akwai masu shan ruwa a lamba sha tara.

Don Varo, mun gode. Mun gode da gwiwoyin da ka bari a kwanar nan, da "a'a" ɗin da ka ce wa mai mota, da wadda ka ce wa aminanka, wadda na san ta fi wuya. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa tsuntsun Doña Hermila ya gaji rigarka ta biyar lafiya.

Ku kuma da ke riƙe da wani makulli a gundumar nan, ko na ofis ne ko na aji ko na ɗakin magani, ku ɗaga kai daga takarda ku dubi igiyar shanya. Akwai mutanen da ba a rubuta ba, kuma suna jin ƙishi kamar kowa. Wanda zai gaji Don Varo an ce saurayi ne mai ƙarfi. Matan gidan sun riga sun ɗinka masa matashin durƙuso, abin da suka yi shekara ashirin da biyu suna cewa za su yi wa na farkon.

Jiya da safe na tarar da shi a rumfar Doña Chona, keken a jingine. Ta zuba masa kunun, ya buɗe baki zai yi maganar da ya saba. Kafin ya yi, ta ɗebi sukari cokali biyu ta zuba masa, ta juya baya tana goge tukunyar da ba ta da datti.